Gyaran lokutan aikatau a jimlar Turanci: ki fara mayar da ita Hausa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida, ina shirin zana WAEC da JAMB. Malaminmu na Turanci ya ba mu jimloli biyar ya ce kowacce akwai kuskure a ciki, na karanta na sake karantawa ban ga abin da ya same su ba. Ga su: "I am in this school since 2021." "If I was the governor, I will build more schools." "The doctor advised that she takes the drug twice daily." "May his soul rests in peace." "It is high time we leave." Ya ce matsalar "tense" ce da "subjunctive". Don Allah a yi mini bayanin da zan riƙa ganewa da kaina, kada a ba ni amsa kawai.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Malaminku ya yi gaskiya, duka biyar ɗin suna bukatar gyara, ta biyun ma kuskure biyu ne a cikinta. Na kuma ji daɗin abin da kika rufe tambayarki da shi, domin wanda ya haddace amsar jimla biyar, ta shida ce za ta kayar da shi a zauren jarrabawa.

Na daɗe ina koyar da Turanci ga yaran da Hausa ce harshen gidansu, kuma abin da na lura da shi shi ne Bahaushe ba ya yin kuskuren Turanci da ka. Kuskurensa yana da tsari, tsarin kuwa na Hausa ne. Yakan gina jimlar a zuci da Hausa, sannan ya sa mata kalmomin Turanci. Wasu malamai suna ganin maganin abin shi ne a hana yaro tunani da Hausa. Ni ban yarda da haka ba. Hausar nan da ke jawo kuskuren ita ce kuma za ta nuna miki inda yake, in dai kin san abin da za ki tambaye ta.

Ki duba waɗannan: na tafi, zan tafi, nakan tafi, in tafi. Kalmar "tafi" tana nan yadda take, 'yar ƙaramar kalmar da ke gabanta ce ke ɗauke da nauyin. Abin da wannan 'yar kalma ta fi damuwa da shi kuwa shi ne ko aikin ya kammala ko yana cikin gudana. Batun yaushe aka yi, sauran maganar ce ke bayyana shi. Shi ya sa "yana barci" take shiga ko'ina: yanzu yana barci, da na shiga jiya yana barci, gobe war haka yana barci. Bature ba ya yarda da wannan. Dole aikatau ɗin kansa ya nuna lokaci: "is sleeping", "was sleeping", "will be sleeping". Rabin wahalar ɗalibanmu daga nan take.

Jimlarki ta farko Hausa ce tsantsa: ina makarantar nan tun 2021. "Ina" ta zama "I am", shi ke nan. Amma Turanci yana da siga ta musamman ga abin da ya faro a baya kuma bai yanke ba har yanzu, wato "have" ko "has" tare da siga ta uku ta aikatau, irin su "been", "seen" da "eaten". Daidai ɗin shi ne "I have been in this school since 2021." Duk inda kika ga "tun" a Hausarki kuma abin yana ci har yau, to wannan sigar ake nema. "Since" tana bin ranar da aka fara, "for" tana bin tsawon lokacin: "since Monday", amma "for three days".

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure da ya fi shi yawa a takardun da nake dubawa, wato "I have seen him yesterday." Dalili shi ne "na gan shi" ɗaya ce a Hausa, amma Turanci ya raba ta biyu. Idan aka ambaci lokacin da ya riga ya wuce ya rufe, kamar jiya, bara, ko wata shekara, sai a ce "I saw him yesterday", "Nigeria gained independence in 1960." Idan kuwa ba a ambaci lokaci ba, kuma abin da ake nufi shi ne sakamakon aikin a yanzu, sai "have" ta shigo. An yi miki tayin abinci kin ce na ci, nufinki a ƙoshe nake, wannan "I have eaten" ce. Ita kuma "had" da yara ke yayyafawa ko'ina don tana da kama da babban Turanci, babban aikinta shi ne: abu biyu sun faru a baya, ana so a nuna wanda ya riga. Kafin mu isa tasha motar ta tashi, "Before we got to the park, the bus had left." Inda babu abu na biyu da ake aunawa da shi, "I had gone to Zaria last week" kuskure ne, "went" ake cewa.

Wani wuri da Hausa ke yi mana zamba shi ne bayan "idan". Muna cewa idan kin zo gobe zan ba ki, kuma "kin zo" ɗin nan ita ce dai ta jiya. Sai yaro ya rubuta "If you came tomorrow, I will give you." Wanda aka taɓa yi wa gyara kuma sai ya zarce ya ce "If you will come". Duka biyun ba su yi ba. Bayan "if", "when", "before", "until" da "as soon as", idan ana maganar abin da ke tafe, sigar yanzu ake sawa: "If you come tomorrow, I will give it to you." Haka nan a maganar da aka ruwaito, mu mukan bar ta yadda mai ita ya faɗa, ya ce zai zo. Turanci kuwa yakan ja ta baya ta bi "said": "He said he would come." Sai "nakan je" da ake mayarwa "I use to go", alhali "used to" tana nufin abin da aka saba a da aka daina. Na yanzu "I usually go" ne. "Ina da mota" kuma "I have a car" ce, ba a cewa "I am having a car".

Yanzu sai babban batun, wanda jimlolinki huɗu suka rataya a kansa. Ki faɗi waɗannan biyu da ƙarfi ki saurari bakinki: "Ya zo" da "Ina so ya zo." A rubuce "ya zo" iri ɗaya ce, amma a baki ta farko doguwa ce da murya sama, ta biyu gajera ce da murya ƙasa. Ta farko labari ce, mutum ya riga ya iso. Ta biyu ba labari ba ce, domin bai zo ba tukuna, so ake yi. Wannan ta biyun ita ce malaman nahawun Hausa ke kira umartau, kuma ita ce abin da malaminku ya kira "subjunctive". Tun kina ƙarama kike amfani da ita: Allah ya kiyaye, dole mu tashi, gara ki zauna, kada su shiga, a kawo ruwa. Siga ce ta abin da ake so, ko ake roƙo, ko ake umarta, wanda bai zama gaskiya ba tukuna.

Turancin da yana da wannan siga da alamominta a ƙarshen aikatau, amma da tafiya ta yi tafiya sai alamomin suka zaizaye. Yau a wuri uku kawai ake iya ganin ta da ido: inda harafin "s" ya ɓace bayan "he", "she" ko "it", inda "be" ta tsaya a madadin "is", "am" ko "are", da inda "were" ta tsaya a madadin "was". Saboda ta ɓuya haka ne ɗalibi ke ganin jimlar da ke daidai ya ɗauka kuskure ce, ya ga mai kuskure ya wuce ta.

Ga gwajin da nake koya wa ajina, kuma shi ne abin da na fi so ki riƙe a duk amsar nan. Ki mayar da jimlar Hausa, sannan ki canza mai aikin ya zama "su". A nan Hausa ba ta ɓoye komai, ko dai "sun" ko "su". Likita ya ce sun sha magani, labari ne. Likita ya ce su sha magani, umarni ne. Haka "an" da "a", "mun" da "mu", "kin" da "ki". Idan Hausarki ta ba ki "su" ko "a", to aikatau ɗin Turanci zai zo tsirara, ba "s", ba alamar wucewa.

Mu gwada da jimla ta uku. Likita ya ba da shawarar su sha maganin sau biyu a rana. "Su" ce ta fito. Saboda haka: "The doctor advised that she take the drug twice daily." Na san kunnenki zai yi gardama, domin tun firamare aka dasa miki "she takes". Ki bar shi ya yi. Akwai kuma wata hanyar da ita ma daidai ce, "that she should take". Mutanen Ingila sun fi son ta "should", na Amurka sun fi barin aikatau tsirara. A hira ta yau da kullum za ki iya jin Baturen Ingila ya ce "takes", amma mai tsara jarrabawa ba zai karɓa ba, kuma a rubutun hukuma ba ta da kyau. Kalmomin da ke jawo wannan siga su ne na shawara da nema da tilas, irin su "suggest", "recommend", "insist", "demand", "request", "propose", da kuma "it is necessary that", "it is essential that". Ki lura sigar ba ta motsawa ko da abin ya faru shekara goma da suka wuce: "The principal demanded that he be punished", ba "was" ba. Korewarta kuma ba ta bukatar "do": "She requested that he not travel at night", daidai da kada ya yi tafiyar dare. Idan kina sauraron zaman majalisa za ki ji ana gabatar da ƙudiri da "that the bill be read a second time", a karanta dokar karo na biyu. "A" ce, don haka "be".

Akwai tarko a nan da masu tsara tambaya ke so. "Insist" da "suggest" suna da fuska biyu. "He insisted that he was innocent" daidai ce, domin mutumin ya dage ne cewa ba shi da laifi, magana ce a kan abin da yake ikirarin gaskiya ne. "He insisted that the boy be released" kuwa ya dage ne a saki yaron. Wanda ya haddace cewa kullum bayan "insist" sai "be" zai faɗa rami a ta farkon. Wanda ya tsaya ya tambayi Hausarsa, an saki ne ko a saki, ba zai faɗa ba.

Jimla ta huɗu tana taɓa ni, domin a saƙonnin ta'aziyya na fi ganin ta, a Facebook da WhatsApp, daga mutanen da zuciyarsu ke cike da alhini kuma suke so su yi addu'a mai kyau. Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Addu'a ce, kuma "may" kamar 'yan'uwanta "can", "will", "must" ba ta yarda aikatau ya biyo ta da "s". Daidai ɗin: "May his soul rest in peace." Ko an cire "may" ɗin, addu'a tana nan tsirara. "God bless you" roƙo ne, Allah ya yi miki albarka. "God blesses you" labari ne, wai Allah yakan yi miki albarka. "Long live the king" shi ne ran sarki ya daɗe, ba a cewa "lives". Alkawarin ƙasa da kuke karantawa a taron safe, wanda aka fara tun 1976, da "So help me God" yake ƙarewa, Allah ya taimake ni. Kin shekara da shekaru kina furta wannan siga kowace safiya.

Jimla ta biyu wani reshe ne, kuma a nan Hausa ta ba mu kyauta babba, domin ta raba "idan" da "da". Idan na samu kuɗi zan saya: abu ne mai yiwuwa. Da ina da kuɗi da na saya: ba ni da su, zato ne kawai. Turanci "if" ɗaya gare shi ga duka biyun, sai ya ɗora bambancin a kan aikatau. Yakan ja aikatau baya taki ɗaya don ya nuna maganar ta yi nisa da gaskiya. Sigar wucewa a irin wannan wuri ba jiya take nufi ba, nufinta abin ba haka yake ba. To ki tambayi kanki, idan ni ce gwamna, ko da ni ce gwamna? "Da" ce, tunda ba ke ce gwamnan ba. Sai "was" ta koma "were", "will" ta koma "would": "If I were the governor, I would build more schools." Gyara ɗaya ba ya isa, dole ɓangarorin biyu su tafi tare, kamar yadda "da" ke zuwa sau biyu a Hausa.

Sai dai "da … da" ɗinmu tana ɗaukar na yanzu da na baya gaba ɗaya, Turanci kuwa ya raba. Da ina da kuɗi da na saya, yanzu ake nufi: "If I had money, I would buy it." Da na sani da ban zo ba, abin ya riga ya wuce: "If I had known, I would not have come." An ƙara ja baya taki na biyu ke nan. Kurakuran da ake yi a nan su ne "If I would have known", da "If I had known, I would not come", da wadda ta cika bakin 'yan Najeriya, "Had it been I know". Ana iya jefar da "if" a ce "Had I known, I would not have come", wannan ita ce da-na-sanin da Hausawa suka ce ƙeya ce.

Kada kuma ki ɗauka duk "if he was" kuskure ce. In dai yana Kano ranar Juma'a, to ya ga taron: "If he was in Kano on Friday, he saw the crowd." Ba mu sani ba ne, mai yiwuwa yana can. "In dai" ce, ba "da" ba, don haka "was" ta zauna daidai.

"Wish" ita ce "ina ma" tamu, kuma ƙa'idar ja baya ɗaya ce. Ina ma ina da mota, "I wish I had a car." Ina ma yana nan, "I wish he were here." Ina ma na je, "I wish I had gone." Abin da ake sa ran zai yiwu kuwa fata ne, "hope" ke ɗaukarsa: "I hope you pass", ba "I wish you will pass" ba. "As if" kuma ita ce "sai ka ce": yana magana sai ka ce shi ne mai gidan, "He talks as if he were the owner of the house."

Ta biyar tana cikin abubuwan da ake yawan tambaya a ɓangaren cike gurbi. Yawancin ɗalibai sukan fassara ta da lokaci ya yi da za mu tafi, sai su zaɓi "leave". Amma "high time" akwai ƙorafi a cikinta, an makara. Fassararta ta gaskiya ita ce ya kamata a ce mun tafi tuni. Kin ji "mun tafi"? Ba mu tafi ba, amma Hausa ta sa sigar kammalawa, Turanci ma haka ya yi: "It is high time we left." Idan babu mai aiki a bayanta, sai a ce "It is time to leave" ko "It is time for us to leave". 'Yar'uwarta ita ce "would rather" idan wani ake so ya yi abin: "I would rather you stayed", na fi so a ce kin zauna. Amma "had better" tsirara take ɗauka duk da "had" ɗin da ke jikinta: "You had better leave now", gara ki tafi.

Game da jarrabawar kanta, a JAMB tambaya 60 ce a Turanci, kuma irin waɗannan sukan zo a matsayin zaɓi huɗu masu kama da juna, "leave", "left", "should leave", "are leaving". Kafin ki kalli zaɓin, ki karanta jimlar har ƙarshe, domin kalmar da ke yanke hukunci, "since" ko "yesterday" ko "would", sau da yawa tana bayan gurbin. A WAEC kuwa inda aka fi zubar da maki shi ne insha'i, mai kalma wajen 450, domin akwai makin da aka ware wa daidaiton nahawu, kuma kowane kuskure sai an zare wani abu. Wanda ya zaɓi rubuta labari ya fi shiga haɗari. A Hausa muna tafiya da muka tashi, muka shiga mota, direba yana ta gudu, fasinjoji suna ihu, kuma mai sauraro ya san duk a baya ne. Yaro sai ya fara da "we entered the bus", yana isa kan "yana" da "suna" sai ya zame zuwa "the driver is speeding". Ki sa ido a kan waɗannan biyun musamman: a cikin labarin da ya wuce, "yana" "was" ce, "suna" "were" ce. Idan kin gama rubutu ki ware minti biyar ki bi aikatau ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, kada ki duba komai sai su.

Ga guda uku ki gwada a daren nan, ki fara mayar da kowacce Hausa kafin ki taɓa ta: "The committee recommended that the market is closed on Friday." "If she had left early, she will not miss the bus." "I wish I know his house." Ki aiko mini da gyaranki tare da Hausar da kika samu a kowacce, domin a Hausar zan gane ko hanyar ta zauna miki. Allah ya ba da sa'a.